Malam-buɗe-littafi da Takardar Tabawa

Dalilin da ya sa malam-buɗe-littafi yake bar wa mutum gari a yatsa idan ya kama shi, yau sai kun ji shi, ko kuna so ko ba kwa so, domin an cuce ni cutar da ba a taɓa yi wa ɗan Adam irinta ba tun da aka kafa unguwar nan. Ku dubi rigata. A'a, ku matso ku duba da kyau! Farar shadda, wankin jiya, bugun safiyar yau, wadda idan na sa ta na bi ta bakin kasuwa har masu awo sukan manta mudu nawa suka zuba. Ga shatin yatsu nan a ƙirjinta, ja da rawaya. Wani marar tsoron Allah ya kama ƙwaron nan ya goge hannunsa a jikina, ni da ake jira wajen walima in zauna a sahun gaba! Da gobara aka yi a ɗakina da ta fi mini sauƙi, ko ba komai mutane za su zo jaje. To, walima na fasa, shinkafar na yafe, alhakin cikina kuma yana wuyanku. Ku zauna. Ke mai dariyar can, rufe bakin, haƙoran ma ba su gama fitowa ba.

A wancan zamani babu wannan ƙwaro ko ɗaya a duniya. Fure ya buɗe ya bushe, ba mai sauka a kansa sai ƙudan zuma. Abin da ake da shi shi ne wani marubuci a wata alƙarya da ake kira Tudun Gawo. Sunansa Malam Cindo, don yatsa shida gare shi a hannun dama. Mutum ne mai son ado da son yabo, kuma ni ban ga laifinsa a nan ba, na san wahalar da masu kyau muke sha. Aikinsa rubuta wa mutane takarda. Mai son aika saƙo nesa ya zo zaurensa ya zauna ya faɗa, Malam ya rubuta da alƙalamin kara, ya ja layin ado a gefe, ya miƙa masa.

Abu biyu suka sa ya yi suna. Na farko, asirin mutum ba ya fita daga zaurensa, kuma ba don riƙon amana ba, don dai Malam ba ya jin abin da yake rubutawa. Magana ta shiga kunnensa ta gangara hannu, ba ta biyawa ta zuciya. Hankalinsa duk yana kan cikin harafi da wutsiyarsa, wanne ya yi ƙiba, wanne ya karkace. Ka gama zazzage masa cikinka ka ce, "Malam, me na ce?" sai ya dube ka kamar yanzu ka yi sallama. Shi da kansa yakan ce, "Ni hannuna ke ji, kunnena ado ne."

Na biyu, rubutunsa ba ya naso, ba ya dame. Ka karɓa ka ninke nan take ka sa a aljihu, ka kai shi tafiyar wata guda, a buɗe a same shi garau. In aka tambaye shi asirin, sai ya ɗaga ƙaramin yatsan nan ya kaɗa shi.

"Albarkar na shida ce," in ji shi. "Ku masu biyar sai haƙuri."

Asirin kuwa yana cikin gida, wajen matarsa Tabawa. Tabawa mai kaɗin auduga ce, mai kaɗi kuwa ba ta rabuwa da alli, wanda take dangwala a yatsa don zare ya bi hannunta. Daga nan ta gano abin. Sai ta nemi ƙashin ƙafar saniya ta ƙona shi har ya yi fari fat, ta daka, ta haɗa da busasshen ƙaro kaɗan, ta durƙusa a dutsen niƙa tun hantsi har azahar. Ta tankaɗe da rariya, ta sake tacewa da tsohon ɗankwali, har garin ya yi laushin da in ka murza shi ba ka jin komai a yatsa. Kafin Malam ya fara rubutu yakan shafa kaɗan a fuskar takarda, tawada ta tsaya inda aka ajiye ta. In ya gama ya barbaɗa a kan ɗanyen rubutun, ya ƙwanƙwasa gindin battar garin da farce, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya ɗan jira, ya hure. Garin ya shanye ruwan tawada, shi ke nan.

Shekara talatin tana wannan niƙa. In ta jiyo shi daga zaure yana yabon yatsansa, sai ta yi murmushi, in ya shigo ta ce, "Malam, yatsan nan naka akwai cin ƙashin saniya."

"Yi a hankali, kada maƙwabta su ji," in ji shi.

Haihuwa ɗaya Allah ya ba su, mace, sunanta Zaliha. Ku yaran yanzu da uwa take kiran sunanku tun daga ɗaki har bakin titi ba za ku gane wannan ba. A wancan lokaci uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ana yaye Zaliha gwaggonta ta zo ta goya ta, ta tafi da ita wani ƙauye a hayin kogi. Can ta girma, can ta yi aure. In ta zo ganin gida ta durƙusa ta ce, "Inna, ina kwana," sai Tabawa ta juya fuska ta amsa wa bango. In za ta ba ta tuwo, sai ta tura kwanon ta ce wa iska, "A ba baƙuwa." Ranar komawa kuwa, Tabawa takan laɓe a bayan zana tana leƙen bayanta ta ɓula har ta ɓace, sannan ta koma dutsen niƙa ko da babu abin niƙawa.

Wata rana ta kawo wa Malam abinci, ta ƙi tashi.

"Malam, akwai takardar da nake so ka rubuta mini."

"Ke? Wa kika sani a duniya? Ko sarkin aljanu za ki aika wa?"

"Wajen yarinyar can."

"Wace yarinya? Yara sun cika duniya."

"Ka san ta."

"Zaliha? To faɗi mana, ba zai ƙona miki harshe ba." Shi Malam wannan kunya ba ta taɓa kama shi ba.

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Akwai abin da bakina ba zai iya faɗa mata ba. Ba kuma zan ba wata mace saƙo ta ji ba. Kai kuwa ba ka ji. Shi ya sa na ce kai."

Malam ya yi dariya har da buga cinya, ya ɗauka yabonsa ta yi. "Gobe," in ji shi. "Yau hannuna ya gaji da takardun manya."

Gobe ta zo, ya ce gobe. Rani ya wuce, damina ta wuce, aka yi shekara huɗu ana gobe. Ba mugunta ba ce, yana son matarsa. Amma takardar cikin gida ba mai ganinta a kasuwa ya ce madalla, don haka kullum ita ce a ƙarshen layi.

Ƙurar niƙan shekara talatin kuwa ta riga ta zauna wa Tabawa a ƙirji. Tari ya fara, ya ƙi tafiya. Ido ma ya fara yin hazo. Da ta ji jikin ba nata ba, sai ta rarrafa dutsen niƙa ta yi niƙan ƙarshe. Abin da take gamawa kafin azahar, kwana uku ta yi a kansa, tana yi tana hutawa. Ta cika wa Malam babbar battarsa, ragowar ta zuba a wata 'yar battar fata, ta tura ƙarƙashin matashinta.

"Wannan ba na zaure ba ne," ta ce masa. "Na takardata ne. Kada ka taɓa."

"Ni? Me zan yi da ɗan wannan, da ko tsuntsu ba zai ƙoshi da shi ba?"

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Ruwa yau, ruwa gobe, gishiri ya narke a kasko, tufafi su kwana uku a igiya ba su bushe ba. Tawada kuwa in ka ajiye ta a takarda sai ta zauna tana ƙyalli kamar ba ta da niyyar tafiya. Malam yana ta barbaɗa gari ba awo, kafin tsakiyar damina babbar batta ta ƙare.

A ranar da ta ƙare wani madugun fatake ya yi sallama a zaure. Yana son takarda mai zayyana, wato mai zanen ado launi-launi, wadda zai miƙa wa wani sarki a can inda za su, kuma bayan azahar ayarinsa zai tashi.

"An ce rubutunka ko a cikin kogi bushewa yake yi," in ji madugu. "Ni dai na ce ƙaryar mutanen Tudun Gawo ce. A wannan ruwa? Ai ko yatsa goma sha biyu gare ka."

Ya buɗe jaka ya fito da jar dara sabuwa, hular da ba mai irinta a alƙaryar, ya ɗora a kan gwiwarsa yana shafawa. Malam ya dubi hula, ya dubi mutanen da suka fara taruwa a ƙofar zaure.

"Zauna," in ji shi. "Yau za ka ga aiki."

Ya zuba gwaninta, baƙi da ja da rawaya, har mutane suna tura juna don leƙe. Da ya gama ya ce zai shiga gida ya wanke hannu. Tabawa tana barcin wahala, numfashinta yana ƙara. Ya zura yatsu a hankali ƙarƙashin matashi ya zaro 'yar battar. A ransa ya ce tsunkule ɗaya kawai. Amma tawadar zayyana kauri gare ta, ta shanye tsunkule ɗaya ta nemi ƙari. Ya ƙara, ya ƙara, har ya ƙwanƙwasa gindin batta bai ga komai ya faɗo ba. Takardar madugu ta bushe ƙayau. Madugu ya ninke, ya buɗe, ya yi salati, ya ɗora wa Malam jar dara da hannunsa, mutane suna ta kabbara.

Malam ya mayar da battar inda ya ɗauko ta. Ya ce gobe zai sayi ƙashi ya ba matar maƙwabcinsa ta niƙa. Da safe ya tuna in ya ba ta, kafin la'asar duk alƙarya ta san abin da ke bayan yatsa na shida. Sai ya ce bari dai ya ƙara tunani.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Tabawa ta kira shi. An riga an aika wa Zaliha cewa jiki ya yi tsanani, amma kogi ya cika ya batse, ba mai jirgin da zai yarda ya haye.

"Malam," ta ce, "yau babu gobe."

Ya dube ta, ya ga gaskiya ce. Ya je ya ɗauko takarda mafi kyau a gafakarsa, jakar littattafansa, ya fere sababbin alƙaluma, ya dama tawada uku ya zuba musu ƙaro da yawa don su yi ƙyalli. A ransa ya ce tun da ya sa ta jira shekara huɗu, zai yi mata rubutun da ko sarkin can bai samu ba.

Tabawa ta juya fuskarta bango ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ta daɗe tana yi. Wani wuri tari ya tsayar da ita, wani wuri kuka, sau ɗaya ma har ta yi 'yar dariya. Malam kuwa ya sunkuya, yana ajiye wannan alƙalami yana ɗaukar wancan, yana jan wutsiyar harafi kamar mai yi wa amarya kitso. Ya kewaye gefe da rawaya. Bai taɓa rubutu mai kyan wannan ba, kuma ko kalma ɗaya ba ta tsaya masa a kai ba.

Ta kai ƙarshe. Can ta ce, "Ka gama?"

"Na gama."

"Ɗauko battar a ƙarƙashin kaina. Ka barbaɗa."

Ya zaro ta. Ba nauyi. Rubutu yana kwance a gabansa ɗanye shar, yana ƙyalli. To, yara, a nan ne ake so mutum ya buɗe baki ya ce, "Tabawa, na yi miki laifi, na cinye garinki a kan hula." Kalma nawa ce? Da ta yi fushi, da ta yi kuka, amma da an shimfiɗa takarda kusa da murhu an jira ta. Malam ya buɗe baki. Ya dubi ƙasusuwan hannunta da suka yi kwana uku a kan dutse. Ya ji jar dara a kansa ta yi masa nauyin tulu. Ya tuna idonta ba ya gani sosai.

Sai ya kifa battar a kan takarda, ya ƙwanƙwasa gindinta da farce. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗan jira. Ya hure.

Tabawa ta yi murmushi. "Na ji. Ninke ta biyu ka ba ni."

"Bari ta ɗan sha iska tukuna."

"Iskar me? Garina bai taɓa neman taimakon iska ba. Shekara talatin, Malam. Ko yau ne zai ba ni kunya?"

"A'a," in ji shi. "Garinki ba ya ba da kunya."

"To ba ni. Ina so in riƙe ta."

Ya ninke takarda biyu, ya sa mata a hannu. Ta ɗora ta a ƙirji, ta danne da tafukanta duka biyu, ta danne da duk ƙarfin da ya rage mata.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Na sauke."

Kafin la'asar ta cika. Matan da suka yi mata wanka su suka zare takardar daga hannunta, suka kawo masa zaure. "Ga ta, Malam. Ta ce ta 'yarta ce."

Bai iya buɗewa ba sai washegari, bayan masu gaisuwa sun ragu. Ya kama gefe biyu ya ja a hankali, takarda tana ƙara kamar ana ɗaye fata. Babu harafi ko ɗaya. Baƙi ya shiga ja, ja ya shiga rawaya, abin da ke dama ya manna a hagu, na hagu ya manna a dama, ɓangarorin biyu sun zama iri ɗaya sak, kamar tagwaye. Kyau kam akwai shi. Bai taɓa ganin zane mai kyan wannan ba, kuma ba ya cewa komai.

Malam ya fita kasuwa ba hula, ya tsinto ƙashi wajen mahauta, ya ƙona, ya durƙusa a dutsen Tabawa. Mutumin da bai taɓa riƙe ɗan dutsen niƙa ba. Tafukansa suka yi bororo suka fashe. Mata suna leƙe ta katanga, a ranar kowa ya san asirin yatsa na shida, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba. Ya tace garin ya zuba a kan takarda, ya zuba, ya ƙara zubawa, wai ko zai tsotse abin da ya dame ya bar haruffan a ƙasa. Garin ya sha launi, ya zama ja da baƙi da rawaya, ya kwanta a kai. Harafi bai dawo ba.

Da kogi ya sauka, ran kwana biyar Zaliha ta iso, ƙafafunta duk laka. Ta shiga ɗakin uwarta ta daɗe. Da ta fito ta durƙusa gaban mahaifinta suka yi wa juna gaisuwa.

"Baba, an ce Inna ta bar mini takarda."

"Ta bari."

"Karanta mini."

Tsohon hali bai mutu ba. Malam ya buɗe takarda, ya juya fuskarta wajen kansa, ya gyara murya ya fara irin abin da yake rubuta wa manya: "Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, zuwa ga 'yata mai daraja, hasken idona, sanyin zuciyata..."

"Baba."

"...wadda nake alfahari da ita a gaban..."

"Baba, tsaya. Inna ce ta ce hasken idona? Matar da in na gaishe ta bango take amsa wa? Ni ban san me za ta ce mini ba, shi ya sa na ratso laka kwana biyu. Amma na san ba wannan ba ne. Juyo da ita in gani."

Ya juyo da ita. Zaliha ba ta iya karatu ba, amma ta girma tana ganin rubutu, ta san wannan ba shi ba ne. Ta dubi takarda, ta dubi tafukansa da suka fashe.

Sai Malam ya faɗa mata duka. Shekara huɗun gobe, da madugu, da hula, da batta, da ƙwas ƙwas ƙwas. Bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa damina laifi ba.

"To me ta ce?" in ji Zaliha. "Kai kana wurin. Da kunnenka."

"Ban ji ba."

"Ko kalma ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai.

Sannan ta yi tambaya da ƙaramar murya, irin ta yarinyar da aka goya aka tafi da ita. "Ta faɗi sunana?"

Zai ce bai sani ba, sai ya ga hannunsa na dama ya miƙa shi kaɗai wajen da yake ajiye alƙalamin jar tawada. Al'adarsa ce, duk inda sunan mai takarda ya zo, da ja yake rubuta shi. Kunne bai riƙe ba, amma hannu ya tuna sau nawa ya ajiye baƙi ya ɗauki ja. Ya sunkuya a kan takarda, yana bin ɗigon ja a ɓangare ɗaya yana ƙirgawa.

"Ta faɗa. Ga shi nan, ga shi nan, ga wani. Duk inda kika ga ja, sunanki ne. Sau bakwai ta faɗa."

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

Zaliha ta miƙa yatsa ta taɓa ɗigo ɗaya. Da ta ɗago, jan gari ya biyo yatsan, wurin da ta taɓa kuwa ya dushe. Ta kama yatsan da ɗaya hannun ta riƙe a cinyarta kamar wanda ya ji ciwo. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi a ɗakin ba.

Da ta natsa ta ce, "Sauran fa, Baba? Abin da ke tsakanin ja da ja?"

"Zan nemo mai karanta shi," in ji Malam. "Duniya da faɗi. Ba zan zauna ba sai na kawo miki."

Ta ce ya bari, ya tsufa. Bai bari ba. Ya ɗaure takardar a bayansa da zaren da Tabawa ta kaɗa, don kada gumin ƙirji ya taɓa ta, ya kama hanya. Duk inda ya ji akwai masani sai ya je ya durƙusa ya buɗe. Masani ya duba ya girgiza kai, wani ya kai yatsa zai bi layi, Malam ya yi ihu, "Kada ka taɓa! Raguwa take yi!" Ya rufe ya yi gaba. Da masana suka ƙare ya koma nuna wa kowa, mai noma da mai kiwo da mai tallan nono. Ba ya tafiya miƙe, don in ya hango mutum a dama sai ya ratse, ya hango wani a hagu ya sake ratsewa. Yara suka gane shi, suna binsa suna cewa, "Malam, buɗe littafi! Malam, buɗe littafi!" Ba ya fushi. Tsayawa yake ya buɗe musu, ko Allah zai sa idon yaro ya ga abin da na babba bai gani ba.

Abinci ya fita ransa. In yunwa ta matsa sai ya tsinki fure a bakin hanya ya tsotsi ɗan zaƙin gindinsa. Ya rame, ya ƙanƙance, yau ya fi jiya, har takarda ta fi shi girma, zaren kuma ya nutse a bayansa ya zama jiki. Wata ranar ƙarshen damina yara suka kira shi, ya tsaya ya buɗe, sai iska ta shiga ƙarƙashin ɓangarorin biyu ta ɗaga shi. Suna kallo ya haye kan gero, ya ratse dama, ya ratse hagu, ya tafi. Zaliha ta tsufa a hayin kogi, ta ga jikoki, kuma abin da ta samu daga bakin uwarta bai wuce sunan nan bakwai ba.

Shi ya sa har yau in malam-buɗe-littafi ya sauka kusa da kai sai ya buɗe, ya jira, ya rufe, ya sake buɗewa, ko kai ne za ka iya karantawa. Shi ya sa abin da ke fiffikensa na dama shi ne a na hagu, kuma ba ya tafiya miƙe. Garin da ke biyo yatsanka kuwa, wanda Malam Cindo ya niƙa ne bayan lokaci ya wuce, kuma duk wanda ya kama ƙwaron ya rage wani abu daga maganar Tabawa.

To, ga wanda aka kama ɗazu can a gindin katanga, yana ta buɗewa ya kasa tashi. Ku miƙo hannuwanku in ga mai laifi. Ke, juya. Kai ma. Hm. Duk farare ne. To me kuke kallo a nawa? Ai... to, na ji. Ni ne. Na gan shi a kan furen kabewa, na ce bari in nuna muku har yanzu hannuna da sauri, na damƙe shi, na goge a ƙirji ban sani ba. Ba kuma sai kun faɗa wa kowa ba. Ke mai dariya, nemo ganye mai faɗi, kada ki sa masa yatsa. Tura a hankali ya hau da kansa, ki ɗora shi can saman katanga inda rana take.